Kwamfuta Ce Ta Ce

 A wannan mako ina neman izininku mu ajiye maganar siyasa da ta tsadar kayan masarufi a gefe guda, mu juya ga wata na'ura wadda ta shigo mana gida ba sallama, har ta kai yau ita ce ke riƙe da albashin ma'aikaci da ajiyar ɗan kasuwa a banki da sakamakon jarrabawar 'ya'yanmu. Kwamfuta nake nufi, wadda iyayenmu suka fi sani da suna na'ura mai ƙwaƙwalwa. Abin da ya sa na ɗauko zancen kuwa shi ne wani abu da ya sami wani kawuna kwanakin baya, wanda na tabbata irinsa ya sami mutane da dama a ƙasar nan.

Kawun nan nawa tsohon malamin firamare ne, ya yi shekara 35 yana fama da allo da alli kafin ya ajiye aiki. Wata uku a jere kuɗin fanshonsa ba su shigo ba. Da ya gaji da jira sai ya shiga mota ya tafi ofishin da abin ya shafa, ya wuni a kan benci, can wajen la'asar wani saurayi ya leƙa fuskar na'urar da ke gabansa ya ce masa, "Baba, sai haƙuri, kwamfuta ce ta cire sunanka, mu ba yadda za mu yi." Tsohon nan, wanda a zamaninsa ko sufeton makarantu ba ya ƙyalewa in ya yi ba daidai ba, sai ya naɗe takardunsa ya dawo gida. Da na je gaishe shi ya ba ni labari, ya rufe da cewa, "To ɗana, tun da inji ne ya faɗa, ai sai mu bar wa Allah. Inji ba ya son kai, ba ya cin hanci."

Na ce, "Kawu, gobe in Allah ya kai mu, mu koma tare." Muka koma muka yi ta naci har aka kai mu gaban wani babba, aka buɗe bayanansa aka duba. Ashe a takardar aiki an rubuta sunansa Muhammadu, a banki kuwa Mohammed, ita kuma na'ura an umarce ta da ta dakatar da duk wanda sunayensa biyu ba su zo daidai harafi da harafi ba. Da takardar rantsuwa ta kotu da gyaran 'yan mintoci magana ta ƙare. Watau dai mutum ne ya tsara waccan doka, mutum ne ya shigar da sunan, mutum ne kuma ya laɓe a bayan na'ura ya sallami tsoho. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu. Saboda haka bari mu buɗe cikin wannan akwati mu ga abin da ke ciki, domin wanda ya san yadda aka gina ta ba za a tsorata shi da sunanta ba.

GANGAR JIKI

Kowace kwamfuta a duniya, ƙarama ce ko babba, abu biyu ne suka haɗu suka yi ta. Na farko gangar jiki, watau duk abin da za ka iya taɓawa da hannunka, na ƙarfe ne ko na roba ko na gilashi. Na biyu manhaja, watau jerin umarnin da aka rubuta aka zuba mata, wanda ba a ganinsa da ido, sai dai a ga aikinsa. Mu fara da gangar jiki, kuma domin zancen ya zo da sauƙi, mai karatu ya ɗauka ya shiga ofishin wani akawu na zamanin En'e.

Abu na farko a ofishin shi ne shi kansa akawun, mai karanta takarda ya yi lissafi ya yanke abin da za a rubuta. A kwamfuta shi ne furosesa, wani ɗan falle wanda bai fi kan sarki girma ba, amma yana ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira tiransista. Kowane makunni abu biyu kurum ya sani, a kunne ko a kashe, wanda masana ke rubutawa da 1 da 0. Duk wani abu da kwamfuta ke riƙewa, rubutu ne ko hoto ko muryar mawaƙi, da waɗannan alƙaluma biyu aka rubuta shi. Guda takwas daga cikinsu in sun jeru su ne ake kira bait. Alal misali, babban harafin A a wurin kwamfuta lamba 65 ne, tana kuma rubuta shi 01000001. Haruffanmu masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu bait biyu yake ci a tsarin rubutun da aka fi amfani da shi a intanet. Akawun nan ba shi da wayo ko kaɗan, tarawa da ɗebewa da kwatanta lambobi kawai ya iya. Abin da ya fi mu da shi sauri ne, domin yana yin biliyoyin irin waɗannan ƙananan ayyuka cikin daƙiƙa guda, ba ya gajiya, ba ya tashi cin abinci.

Abu na biyu shi ne teburin akawu, inda yake baza takardun da yake aiki a kansu a wannan lokaci. Shi ne abin da 'yan kasuwa ke kira ram. In tebur ya yi ƙanƙanta, dole akawu ya riƙa tashi yana mayar da wannan fayil yana ɗauko wancan, aiki ya yi ta jan ƙafa ko da akawun gwani ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa waya ko kwamfuta ke sandarewa in an buɗe abubuwa da yawa a lokaci guda. Sa'an nan teburin nan yana da wani hali: da zarar wuta ta ɗauke, an share duk abin da ke kansa. Mu da ke ɗakin labarai mun sha kuka a kan wannan, mutum ya yi awa biyu yana rubuta rahoto bai adana ba, a ɗauke wuta, ya tashi a tutar babu.

Abu na uku shi ne kabad, inda ake ajiye fayil-fayil su kwana su tashi. A kwamfuta shi ne rumbun ajiya, kuma iri biyu ne. Akwai tsohon yayi mai faifai a ciki yana juyawa, yana da araha da faɗin ciki, amma yana da nawa, kuma in ya faɗi ƙasa sai a yi ta addu'a. Akwai kuma sabon yayi da ake kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Da tebur da kabad duka da ma'auni ɗaya ake auna su, watau gigabait, wanda ya kai kimanin bait biliyan ɗaya, kuma a nan ne ake yawan rikita mai saye, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Saura su ne ƙofofin ofis. Akwai ƙofar shiga, wadda ta nan saƙo ke isa ga akawu: allon madannai da ake buga rubutu, da linzami, da kyamara, da makirfo, da gilashin da ake ɗora yatsa a banki. Akwai ƙofar fita, wadda ta nan amsa ke fitowa: fuskar kwamfuta, da firinta, da lasifika. Dukansu kuwa a kan wani faffaɗan faranti suke haɗuwa a cikin akwatin, wanda ake kira uwar allo, shi ne daɓen ofishin. Mai karatu ya lura da ƙofar shiga da kyau, domin duk abin da aka miƙa wa akawu ta nan shi zai ɗauka gaskiya. In an miƙa masa Mohammed a maimakon Muhammadu, ba shi da hanyar sanin cewa mutum ɗaya ne, sai fa in an koya masa haka tun farko.

MANHAJA

Akawu da tebur da kabad ba za su tsinana kome ba sai an ba su dokar aiki, ita ce manhaja. Tarihin na'urar ma ya nuna mana haka. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Charles Babbage ya zana wani injin lissafi na ƙarfe a shekarun 1830, bai rayu ya ga an gama ƙera shi ba, amma a 1843 wata mata mai suna Ada Lovelace ta rubuta jerin matakan da injin zai bi ya warware wani lissafi, shi ya sa da yawa ke ɗaukarta a matsayin wadda ta fara rubuta manhaja. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan jerin matakai da ita ma, algoridim, daga sunan Alkhawarizmi ta samo asali, malamin lissafin nan da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na tara.

A 1946 aka nuna wa duniya wata kwamfuta mai suna ENIAC a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Nauyinta ya kusa tan 30, ta cika ɗaki guda, tana da ƙwayayen lantarki irin na tsohuwar rediyo kusan 18,000, tana iya tara lambobi sau 5,000 a daƙiƙa. Amma in ana so ta bar wani aiki ta kama wani, sai ma'aikata, waɗanda mata ne, su yi kwanaki suna zare wayoyi suna sake sarƙa su da hannu. Babban ci gaban da aka samu bayan nan shi ne dabarar ajiye umarnin a cikin na'urar kanta, kamar yadda ake ajiye lambobi, kuma a 1948 wata ƙaramar na'ura a Jami'ar Manchester ta fara aiki da wannan tsari. Tun daga ranar gangar jiki da manhaja suka zama abu biyu dabam, inji guda ya iya zama tafireta da safe, ya zama akanta da rana, ya zama majigi da dare, gwargwadon umarnin da aka ɗora masa.

Manhaja ita ma hawa biyu ce. Akwai babbar manhaja, wadda ita ce kamar sarkin gida: ita ke tayar da na'ura, ta raba wa kowane aiki wuri a kan tebur, ta san inda kowane fayil yake a kabad. Windows na kamfanin Microsoft, wanda ya fara fitowa a 1985, irinta ce. Haka Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 ya kuma sake ta kyauta, haka kuma Android da ke cikin yawancin wayoyin da ke aljihunanmu. A bisa wannan ne ƙananan manhajoji ke zama, kowace da sana'arta: Word ta rubutu, Excel ta lissafi, WhatsApp ta aika saƙo, da wadda ofishin fansho ke biyan tsofaffi da ita. Kowace ɗaya daga cikinsu mutane ne suka zauna suka rubuta ta layi bayan layi, mutanen da ke jin barci, suke mantuwa, wani lokaci kuma ba su taɓa jin cewa ana rubuta suna guda ta hanya huɗu ba. Har manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira da suka cika gari tun daga ƙarshen 2022, masu amsa tambaya kamar mutum, daga rubuce-rubucen mutane aka horar da su, kuma sukan shirga kuskure su faɗe shi da cikakken ƙarfin hali.

IRI-IRI

Da yawa daga cikinmu in an ce kwamfuta, akwatin da ke kan teburin sakatare kawai muke hangowa, alhali kuwa danginta suna da yawa. Waɗanda muka fi sani su ne na mutum ɗaya: ta girke a tebur, da tafi-da-gidanka, da wayar hannu, wadda ita ma kwamfuta ce cikakkiya, mai furosesa da ram da rumbu da babbar manhaja. Wannan dangi ya samu ne bayan da kamfanin Intel ya dunƙule furosesa a falle guda a 1971, mai tiransista 2,300 kacal, sa'an nan Apple II ta fito a 1977, ta kamfanin IBM kuma a 1981.

Sama da su akwai uwar garke, kwamfutar da ke zaune a wani ɗaki mai sanyi, dare da rana ba a kashe ta, tana amsa buƙatun dubban ƙananan na'urori. In ka miƙa katinka ga mai POS a bakin kasuwa, 'yar na'urar da ke hannunsa ba ta san ko sisi nawa gare ka ba, tambaya take aikawa ga uwar garken banki ta jira amsa. In aka ce maka babu sabis, ko dai hanyar ce ta yanke, ko uwar garken ce aiki ya yi mata yawa. Akwai kuma manyan kwamfutocin hukumomi da ake kira menfirem, waɗanda manyan bankunan duniya da kamfanonin jiragen sama suka daɗe suna dogara da su saboda juriya da ɗaukar cinikayya mai yawa a lokaci guda. A can ƙololuwa sai gagarumar kwamfuta ta masu bincike, wadda ake hasashen yanayi da nazarin magunguna da ita. Wata mai suna Frontier a Amurka ta kafa tarihi a 2022 da yin lissafi fiye da biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda.

Dangi na ƙarshe su ne ɓoyayyu, waɗanda aka dasa a cikin wasu kayan aiki domin su yi aiki guda tak: wadda ke cikin mitar wuta ta kati, da ta cikin injin cirar kuɗi, da ta cikin motocin zamani, da na'urar BVAS da aka tantance masu zaɓe da ita a 2023. Ko wadda ta cika ɗaki ko wadda ke cikin mita, ginin dai ɗaya ne, akawu da tebur da kabad da ƙofofi, da doka da wani ɗan Adam ya rubuta.

IN NA'URA TA YI KUSKURE

Kada mai karatu ya ɗauka abin da ya sami kawuna na ƙasashe masu tasowa ne kawai. A 1999 hukumar gidan waya ta Ingila ta sa wa ƙananan ofisoshinta wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya yi. Ba a jima ba sai manhajar ta fara nuna gibin kuɗi a ofisoshin da ba a taɓa ko kwabo ba. Masu riƙe da ofisoshin suka yi ta rantsuwa, aka ce musu na'ura ba ta ƙarya. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 a gaban shari'a, waɗansu aka ɗaure su, waɗansu suka sayar da gidajensu suka biya bashin da ba su ci ba, waɗansu baƙin ciki ya kai su ga hallaka kansu. Sai a 2019, bayan da mutum 555 suka haɗa kai a ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Alan Bates suka kai ƙara, babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai, a 2024 kuma majalisar dokokin ƙasar ta yi doka ta musamman ta wanke waɗanda aka hukunta. Shekara ashirin da ɗoriya ana zaluntar bayin Allah a ƙasar da aka haifi Babbage, domin kawai manya sun fi yarda da fuskar na'ura a kan bakin mutum.

A nan gida ma mun gani. A watan Mayu na 2025, bayan da koke-koke suka yi yawa a kan sakamakon jarrabawar shiga jami'a, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa an sami kuskure a ɓangaren na'urori, wanda ya shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, ya nemi gafara, aka kuma sake musu jarrabawa. Bayanin da aka yi shi ne wani gyara da aka yi wa manhaja bai isa ga waɗansu uwayen garke ba. Na'urorin lafiyarsu ƙalau, sun yi daidai abin da aka umarce su, umarnin ne ya zo da tangarɗa. A ganina amsa laifin da ya yi abin a yaba ne, amma mu tuna cewa da iyaye da ɗalibai sun yi irin haƙurin kawuna, da maganar ta wuce shiru.

Saboda haka in aka ce maka kwamfuta ce ta ce, kana da damar ka yi tambaya cikin ladabi: wane bayani aka shigar a kaina, wa ya shigar, wace doka ce ta sa aka dakatar da ni, kuma wa ke da ikon gyarawa? Wannan ba roƙo ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba kowane mutum haƙƙin ya san bayanan da aka ajiye a kansa, ya kuma nemi a gyara wanda ba daidai ba. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.

IN ZA KA SAYA

Wuri na biyu da rashin sanin nan ke cin mutane shi ne kasuwa. Uba ya sayar da buhunan masara domin ya saya wa ɗansa kwamfutar karatu, ya doshi Kwamfuta Bilej a Ikeja, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano, abin da zai duba bai wuce ƙyallin murfi da girman fuska ba. Akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa a waɗannan wurare, amma ko mai amana ba zai amsa tambayar da ba a yi masa ba. Abu na farko, ka raba tebur da kabad. In an ce maka tana da gigabait 500, wannan rumbu ake nufi, sai ka tambayi ram nawa ne. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, kuma da ƙyar za ta numfasa a kansa, 8 ya fi kwanciyar hankali ga ɗalibi. Ƙaramin rumbu na SSD kuma ya fi babban rumbu mai faifai amfani ga mai aikin yau da kullum.

Abu na biyu, sunan furosesa kaɗai ba ya isa. Tun 2009 kamfanin Intel ke fitar da abin da ya kira Core i5, sunan bai sauya ba shekara da shekaru, amma na 2011 da na 2021 kamar jaki ne da doki. Ka tambayi zubi na nawa ne. Wannan ya ƙara muhimmanci domin a ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake ba Windows 10 ta yau da kullum, yawancin tsofaffin kwamfutocin gwanjo kuwa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Babbar manhajar da aka daina toshe mata ɓaraka ita ce ƙwayoyin cuta da ɓarayin intanet ke nema, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ƙarfinsa bai wuce tsohuwar ba, yana iya neman wanda ya iya ya ɗora masa Linux, kyauta ce, kuma ba ta da nauyi a kan tsohon inji.

Abu na uku, a kunna ta a gabanka, a cire ta daga wuta ka ga ƙarfin batir, ka danna kowane harafi, ka buɗe shafin da na'urar ke bayyana kayan cikinta da kanta ka kwatanta da abin da aka gaya maka, sa'an nan a rubuta maka su a rasit. Kada ka yi cinikin biri a sama. In kuma ka kai ta gida, ka tuna cewa kabad ma yana ƙonewa, duk abin da ba ka so ka rasa, ka ajiye kwafinsa a wani wuri dabam.

KIRA GA MASU MAKARANTU

Zan rufe da 'ya'yanmu. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake yin ta, WAEC ma ta fara bin wannan hanya a 2024 da masu zana jarrabawa na ƙashin kansu. Amma har yanzu na san makarantun da ake koyar da darasin kwamfuta da alli, malam ya zana linzami a allo, yara su haddace sunansa da Turanci su rubuta a jarrabawa su ci, ba su taɓa riƙe shi ba sai ranar da makomarsu ta rataya a kansa. Yaron da ya san amsa amma hannunsa na rawa a kan madannai, agogo kuma na tafiya, an zalunce shi tun kafin ya zauna. Gani ya kori ji. Tsohuwar kwamfuta guda da aka kwance murfinta aka ajiye a gaban aji, yara su ga furosesa da ram da rumbu da idanunsu su taɓa da hannunsu, ta fi littafi guda na haddar sunaye. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na iyaye da malamai, da ofisoshin da ke jibge tsofaffin na'urori a sito suna cin ƙura, wannan aiki bai fi ƙarfinku ba. A kuma yi wa yara bayanin da harshen da suke mafarki da shi, domin kamar yadda muka gani yau, babu wani sashe na wannan na'ura da Hausa ta kasa faɗa.

Kawuna dai kuɗinsa sun shigo har da bashin wata uku. Da na koma gaishe shi na tarar ya aiki jikansa ya tattaro masa duk takardunsa, na banki da na ɗan ƙasa da na aiki, ya sa tabarau yana bin sunansa harafi bayan harafi kamar yadda yake duba rubutun 'yan aji uku a da. Ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, ashe ita ma ɗaliba ce, abin da aka biya mata shi take maimaitawa." Na ce, "Haka ne, Kawu." Ina shawartar kowane mai karatu ya yi irin wannan dubawa tun kafin a dakatar da shi. Wanda ke da tambaya a kan abin da muka tattauna ya rubuto wa wannan fili ta hannun Edita. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.